Dan Allah a taimaka, laftof ɗina da Jamusanci ta zo, ya zan mai da ita Turanci?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Kawuna ne ya aiko min da laftof daga Jamus saboda furojet ɗin da zan fara, HP ce mai kyau ba abin da ya same ta, amma komai na cikinta da Jamusanci yake, ko kashe ta ma sai na danne madannin wuta saboda ban san inda zan taɓa ba. Na kai wa wani mai gyara a unguwarmu ya ce ba yadda za a yi sai an yi mata fomat an sa sabon Windows, kuɗin aiki dubu biyar. Ni kuma kawu ya ja min kunne cewa Windows ɗin ciki na asali ne kar in bari a goge shi. To wanne zan bi?

Malam Nura: Wa'alaikumussalam. Kar ki ba shi tukuna. Kafin komai muna so mu san wane irin Windows ne a ciki, domin a nan maganar take. Ki danna madannin da ke da tambarin taga tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito a ƙasa ta hagu, ki rubuta winver ki buga Enter. Ki karanto mana abin da aka rubuta bayan kalmar Windows, ko Home ne ko Pro, sunan nan ba ya canzawa ko da Jamusanci ne.

Sadik mai gyara: Malam gaskiya fomat ɗin nan shi ne mafi sauƙi, mu kullum shi muke yi a kasuwa. Kayan da ake kawowa wasu Faransanci wasu Jafananci wasu Sinanci, wa ke da lokacin zama yana bin saitin ɗaya bayan ɗaya, minti arba'in ka goge ka sa sabo ka miƙa wa mutum kayansa tas da Turanci har da Office a ciki.

Malam Nura: Sadik wane Windows kuke sawa in kun goge?

Sadik mai gyara: Wanda ke filashinmu mana, Pro.

Malam Nura: To ka ga inda nake jin tsoro kenan. In na'urar da lasisin Home ta zo kuka ɗora mata Pro, lasisin nata ba zai yi aiki a kai ba, sai ku nemi irin manhajojin nan na fasa ƙwauri ku kunna shi da su, bayan 'yan watanni rubutun nan na Activate Windows ya fito mata a kusurwar allo, ko kuma a bar mata wani abu a ciki da ba wanda ya san me yake yi. Yarinya an aiko mata da abu na halal mai lasisi, a karɓi kuɗinta a mayar mata da shi na jabu, ni wannan ne ba na so.

Rukayya: Malam na yi, ya rubuta Windows 10 Pro.

Malam Nura: Alhamdulillah, kin huta. Pro yana karɓar kowane yare, ba kya buƙatar goge komai. Data kawai za ki tanada. Ki haɗa ta da intanet tukuna, sai ki danna madannin taga da harafin I tare, shafin saitin zai buɗe, sunansa Einstellungen a wajenki. Ki nemi wanda aka rubuta Zeit und Sprache, hotonsa agogo ne da harafin A a jikinsa. In kin shiga ki duba jerin da ke hagu ki taɓa Sprache. Za ki ga alamar tarawa da rubutu Sprache hinzufügen, ki danna, a akwatin nema ki rubuta English kawai, zai kawo miki su da yawa, ki ɗauki na United Kingdom ko na United States. Sai Weiter. A shafin da zai biyo baya akwai ƙananan akwatuna, ki tabbata kin sa alama a wanda ke cewa Als meine Windows-Anzeigesprache festlegen, shi ne wanda zai mai da fuskar Windows ɗin gaba ɗaya Turanci. Sauran na murya da na rubutun hannu ki cire musu alama in data ɗinki ba yawa. Sai Installieren ki jira.

Maman Hanifa: Rukayya ga wata dabara da ta taimake ni lokacin da maigidana ya kawo tasa daga Dubai, ki buɗe Google Translate a wayarki ki taɓa alamar kyamara ki haska allon laftof ɗin, zai dinga fassara miki abin da ke rubuce nan take. Ko ba ki gane rubutun da Malam ya turo ba za ki ga inda kike.

Rukayya: Na gode Anti, wlh ta yi amfani. Malam na bi duk yadda ka ce amma tun ɗazu layin nan na dawunlod bai motsa ba, yana nan a farko, kuma hotspot ɗin wayata yana aiki don na buɗe burauza ta buɗe.

Injiniya Bash: Hotspot ɗin ne matsalar. Windows in ya gane cewa waya ce ke ba shi intanet wani lokaci sai ya ɗauke ta a matsayin layin da ake ƙirga data, sai ya ƙi sauke manyan abubuwa wai don ya tausaya miki. Ki koma saitin, ki shiga Netzwerk und Internet, ki taɓa WLAN, haka Jamusawa ke kiran Wi-Fi, ki danna sunan hotspot ɗinki, ki gangara ƙasa za ki ga Als getaktete Verbindung festlegen, in a kunne yake ki kashe. Amma ki sani da zarar kin kashe shi Windows zai iya fara jan nasa sabuntawar ma, to ki sa ido, kina gama sauke yaren ki mayar da shi a kunne in ba haka ba ki wayi gari ba ko mega ɗaya.

Abu Madina: Salam jama'a, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda magana ɗaya ce. Ni a nan Saudiyya na sayi Lenovo sabuwa a kwali zan aika wa ƙanena gida, da Larabci na saita ta ranar farko saboda ni shi nake karantawa, komai ya koma ta dama zuwa hagu har madannin Start. Yanzu ina so in mai da ita Turanci don shi yaron bai iya Larabci ba, na bi duk hanyar nan da Malam ya faɗa, na ƙara English ya shiga cikin jerin amma wajen zaɓen yaren fuska Larabci kaɗai ke nan, kuma akwai wani rubutu a wajen da ke cewa lasisina yare ɗaya kawai yake ɗauka.

Malam Nura: Abu Madina yi winver ka gani, na tabbata Home Single Language za ka tarar.

Abu Madina: Haka ne kuwa Malam, Windows 11 Home Single Language.

Malam Nura: To kai taka daban ce da ta Rukayya. Wannan nau'in Microsoft na sayar wa kamfanonin kwamfuta shi da rahusa don kasuwanni irin namu da Gabas ta Tsakiya da Indiya, sharaɗinsa shi ne yaren da aka zaɓa da farko shi kenan, ba a canza shi ta saitin. English ɗin da ka ƙara zai yi maka aiki a kibod da duba kuskuren rubutu amma ba zai taɓa fuskar ba.

Sadik mai gyara: To Malam ka ga an dawo maganata, fomat.

Malam Nura: An dawo, ban musa ba, a irin wannan sai an sake ɗora Windows. Amma ba irin fomat ɗin da ake yi da filashin da ya zaga kasuwa ba. Lasisin Single Language bai damu da wane yare ba ne, shi dai ya zama ɗaya, saboda haka in ka ɗora Single Language na Turanci a kan na'urar zai kunna kansa da kansa da zarar ta hau intanet, ba ka sayi komai ba ba ka saci komai ba. Abu Madina ka nemi filashi mai giga 8 ko fiye wanda ba komai a ciki don za a goge shi, ka je shafin Microsoft ka sauke Media Creation Tool na Windows 11. In ka buɗe shi akwai wani akwati da ke cewa a yi amfani da zaɓin da ya dace da wannan kwamfutar, ka cire masa alama, in ba ka cire ba Larabcin zai sake sauke maka, sai ka zaɓi English. Abin ya kai giga biyar zuwa shida, gara ka yi shi a nan inda kake da Wi-Fi kafin ka aiko. Wajen ɗorawa yawanci ba zai ma tambaye ka lambar lasisi ba domin tana ajiye a cikin na'urar tun daga kamfani, in kuma ya tambaya ka ce ba ka da ita, ka zaɓi Home Single Language a jerin, kar ka ga Pro ka yi kwaɗayi.

Injiniya Bash: In ƙara a kan na Malam, akwai hanya ta biyu ga mai kuɗi, ka sayi ƙarin lasisi a Microsoft Store ka ɗaga shi zuwa Pro, nan take wajen zaɓen yare zai buɗe ba tare da an goge komai ba. Amma tunda na'urar sabuwa ce ba kaya a ciki ni ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba. Wanda ya fi wahala shi ne kayan da aka yi don kasuwar cikin China, su nasu nau'in daban ne ma, Sinanci kawai lasisin ya sani, ko ka ɗora na Turanci ba zai kunnu da shi ba sai ka sayi wani lasisin. Masu yin oda daga can ku dinga tambaya kafin ku biya.

Sadik mai gyara: Injiniya ba wai ba mu san wannan ba ne fa. Amma ka zo ka zauna a shago ka gani, mutum zai zo yana sauri motar garinsu za ta tashi, ga ba wuta janareta ake ƙonawa, ga data da tsada, ka ce masa ya jira a sauke giga shida? Kuma rabin kayan da ke zuwa da akawun ɗin tsohon mai su suke zuwa da fasuwod a kai, wasu ma na kamfani ne an ɗaure su, dole ka goge. Ba mugunta ba ce.

Malam Nura: Na yarda da kai a kan wanda ya zo a kulle, wannan ba makawa. Kuma ni ko wanda ya zo a buɗe in da akawun ɗin wani baƙo ne a kai na fi so a share a fara sabo, ba ka san me ya bari a ciki ba. Abin da nake roƙo kawai ku sauke na asali sau ɗaya ku ajiye a filashi, shi ɗin yana ɗauke da Home da Pro da Single Language duka, ku duba winver kafin ku goge ku mayar wa mutum irin nasa. Lokacin da za ku ɓata bai fi minti ɗaya ba. Kuma ku dinga tambayar mutum ko yana da abu a ciki, na ga ɗalibar da aka goge mata babi uku na furojet saboda kawai tana so a canza mata yare, tana kuka a ofis ɗina ba abin da zan iya yi mata.

Rukayya: Ya sauka!! Ya tambaye ni wani abu na haska da waya na ga fita daga akawun yake nufi na ce eh, na sake shiga ga shi komai ya koma Turanci. Allah Ya saka da alheri Malam, Injiniya, Anti. Amma wani abu kuma, yanzu in na danna Z sai Y ya fito, in na danna Y sai Z, kuma na rasa inda alamar imel ɗin nan @ take, na kasa shiga Gmail ɗina.

Injiniya Bash: Dama ina jiran wannan. Kibod ɗin Jamusawa ba irin namu ba ne, ki duba layin sama za ki ga QWERTZ ne ba QWERTY ba. Da kika sa Turanci sai Windows ya koma ɗaukar madannan a tsarin Turawan Ingila ko Amurka alhali abin da aka buga a jikinsu na Jamus ne. Ki danna madannin taga da dogon madannin tazara tare, zai nuna miki jerin kibod, ki koma DEU, duk abin da ke rubuce a jikin madanni shi zai fito, @ kuma ki riƙe AltGr ki danna Q. Yaren fuska daban tsarin kibod daban, Turancinki ba zai tafi ba. In kina so ya zauna haka ki shiga Options na English ɗin a saitin ki yi Add a keyboard ki ɗauki German, ki cire ɗayan.

Maman Hanifa: Ni shawarata ta bar shi a na Turancin ta sayi sitika ta liƙa a kan madannan, ana sayarwa a wajen masu kayan kwamfuta ba tsada. Domin duk inda za ta je, kafe ne ko ɗakin jarrabawar kwamfuta ko ofis in ta fara aiki, QWERTY za ta tarar, in hannunta ya saba da na Jamus za ta dinga cakuɗa Y da Z a wajen da ba ta da lokacin gyarawa.

Injiniya Bash: Hajiya sitikar nan fa bayan wata biyu take fara ɗayewa ta bar danƙo, kuma in kibod mai haske ne ta rufe hasken. Amma maganarki ta sabo gaskiya ce. Ta zaɓa.

Laouali Maraɗi: Ina bin ku tun ɗazu. Mu a nan akasin haka muke fama da shi, kayan da muke sarowa daga Kano da Turanci suke zuwa mu kuma da Faransanci aka yi karatu, sai mun mai da su, kuma kibod ɗin da muka saba AZERTY ne, lambobi ma sai ka riƙe Shift. Hanyar dai ɗaya ce, Paramètres, Heure et langue, Langue. Amma ni tambayata ga ku 'yan'uwa na Najeriya, me ya sa kowa Turanci Turanci, ba wanda ya ce a sa Hausa? Mu nan tun 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, ina ganin ya kamata mu fara ganinta a allunanmu.

Malam Nura: Malam Laouali akwai ta kuwa, Microsoft sun yi fakitin Hausa tun zamanin Windows 7 kuma yana cikin jerin Windows 10, na taɓa sa wa mahaifina. Sai dai ba ko'ina ya fassara ba, manyan wurare ne kawai, in ka nutsa ciki sai ka koma Turanci, shi ya sa ma sai da wani babban yare a ƙarƙashinsa yake zama. Abin da ya sa ba na ba ɗalibi shawarar sa shi, duk littafin da zai karanta da bidiyon koyarwa da tambayoyin jarrabawa da sunayen Turanci suke kiran abubuwan nan, in matsala ta same shi ya kwafi saƙon ya nema a intanet da Hausa ba zai sami amsa ba. Amma kibod ɗin Hausa kam kowa ya sa, yana nan cikin Add a keyboard, da shi za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka je kwafowa ba.

Laouali Maraɗi: To ai in ba mu yi amfani da ita ba ba za su ƙarasa fassarar ba, kuma ba za a rubuta amsoshin da Hausa ba. Wani ne zai fara. Dattijon da ke son ya duba hotuna ya saurari karatu ba ruwansa da jarrabawa.

Malam Nura: A kan dattijo ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Rukayya: Na zaɓi sitika Anti, gobe zan shiga kasuwa. Saura abu biyu, in na kunna ta shafin farko kafin in sa fasuwod har yanzu Jamusanci ne, sannan Word ma bai canza ba. Agogon kuma ya wuce na wayata da awa ɗaya.

Injiniya Bash: Na shafin farko, taga da R, ki rubuta intl.cpl, ki shiga Administrative ki danna Copy settings, akwatuna biyu ne a ƙasa ki sa musu alama duka ki yi OK ki sake kunna ta. Tun kina wajen ki duba Formats ki mai da shi English Nigeria, wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin Jamusawa waƙafi suke sawa a inda muke sa ɗigo a lissafi, dubu ɗaya da ɗigo biyar su 1.000,5 suke rubutawa, in kika bar shi haka Excel zai dinga ƙin karɓar fomulolin da malaminku ya ba ku kina ganin kamar ke ce ba ki iya ba. Agogo kuma lokacin zafi Jamus na gaba da mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ki je Date & time ki zaɓi West Central Africa. Word nasa daban ne ba ya bin Windows dole, ki buɗe shi ki shiga Datei, can ƙasa Optionen, sai Sprache, ki ƙara English a ɓangaren yaren fuska ki sa shi na farko, shi ma zai ɗan ci data.

Abu Madina: Malam filashin yana haɗuwa yanzu. Tambaya ta ƙarshe, ƙanen nawa yana da wata tsohuwar Dell mai Windows 7 da Faransanci, ita ma haka zai yi?

Malam Nura: A'a, a Windows 7 Ultimate da Enterprise ne kaɗai ke canza yare, kuma tun Janairun 2020 aka daina tallafa masa, kar ya shiga banki da ita. Rukayya ke ma ki sani Windows 10 ɗinki an rufe tallafinsa ranar 14 ga Oktoba 2025. Ki shiga Settings, System, About ki turo min abin da aka rubuta a gaban Processor, in Intel ne ƙarni na takwas ko sama za ki hau 11 kyauta da lasisinki kuma da Turancin zai zo.

Rukayya: Ya rubuta i5-8350U Malam.

Malam Nura: Na takwas ne, za ta ɗauka. Ki bari sai kin sami Wi-Fi na makaranta, ki kwafe fayilolinki a filashi tukuna, kuma ki sa ta a caji kafin ki fara.